Warin Rufaffen Ɗaki: A Nemo Danshi Kafin a Kunna Turare

Duk wanda ya taɓa kulle gida ya yi doguwar tafiya da damina ya san irin tarbar da ke jiransa. An dawo a gajiye, an zura makulli, ana tura ƙofa sai wani wari mai nauyi ya daki hanci. Ba ɗoyin mushe ba ne, ba kuma ƙaurin girki ba. Wasu su ce warin rima, wasu su ce warin funfuna, wasu kuma su kamanta shi da na tsohuwar adaka da aka shekara ba a buɗe ba. Alhazan da suka yi wata guda ko fiye a ƙasa mai tsarki sun san shi, musamman a shekarun da dawowarsu take faɗawa damina. Malamai da ɗaliban da suka tafi dogon hutu sun san shi. Haka ma mai jego da ta je wankan gida ta yi kwana arba'in, ta dawo ɗakinta da jariri a hannu.

Abin da aka saba yi sananne ne. Uwargida ta ɗauko kasko, ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren wuta, a rufe ƙofa don hayaƙi ya kama labule. Ɗaki ya yi ƙamshi na awa biyu ko uku, washegari da asuba warin ya dawo, har ya gauraya da turaren ya zama wani abu dabam. Dalili kuwa shi ne warin nan saƙo ne ɗaki yake aikowa cewa ruwa ya kwana a wani wuri. Turare yana rufe saƙon, amma ruwan yana nan inda yake.

Daga ina warin yake fitowa?

Funfuna halitta ce mai rai, dangin naman kaza. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma suna yawo a iskar kowane gida, na mai kuɗi da na talaka. Abu uku suke jira su tsiro: danshi, da abin ci, da iskar da ba ta motsi. Abincinsu bai wuce auduga, fata, katako, takarda, ƙura da dauɗar jiki da ta maƙale a katifa ba. Idan suka samu wurin zama suka fara ci, sai su riƙa fitar da wata iska, ita ce hancinmu yake ji. Shi ya sa sau da yawa wari yake riga tabo bayyana.

Masana sun nuna cewa idan laimar iskar ɗaki ta haura kashi 60 cikin 100 ta daɗe a haka, funfuna ta samu gida. Abin da ya jiƙe kuma ba a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48 ba, yana iya fara tsirowa. A ƙasar Hausa watan Agusta ne ruwa ya fi yawa, rana kan yi kwanaki ba ta fito sosai ba. Ɗakin da aka toshe tagoginsa a wannan lokaci kamar tukunya ce da aka rufe da tururi a ciki. Ginin zamani ma ya ƙara wa abin ƙarfi: bulo da siminti, fenti mai sheƙi, tayil, da tagogin gilas masu zugewa waɗanda idan an ja su ko iska ba ta samun kafa.

Ba kowane wari ne na funfuna ba

Kafin a fara shara, a tsaya a bakin ƙofa a saurari abin da hanci yake faɗa, domin wani warin ya fi wani haɗari.

Idan warin gas ɗin girki ne, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana, kada a shigo da garwashi. A buɗe ƙofofi da tagogi, a rufe kan tukunyar gas, kowa ya fita waje har iska ta wanke gidan. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana a fara da kaskon turare.

Idan wari ne kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, a duba bayan gida da wurin wanke-wanke. A ƙarƙashin kowace magudanar ruwa ta zamani akwai lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa, wanda shi ne murfin da ke hana iskar sokawe hawowa cikin gida. In an yi makonni ba a yi amfani da wurin ba, ruwan sai ya ƙafe, hanya ta buɗe. Maganinsa bokitin ruwa ne kawai: a zuba a kowane rami, a kora masai. A kuma bar famfuna su zuba na 'yan mintuna kafin a sha ko a yi wanka, saboda ruwan da ya daɗe kwance a bututu ba abin yarda ba ne.

Idan ɗoyi ne, a fara da firji. An tafi an bar nama ko miya da fatan wuta za ta zauna, ita kuma ta yi halinta. Duk abin da ya narke ya kwana, a zubar da shi, ba a ɗanɗanawa don a gwada.

Idan kuma zarni ne tare da 'yan baƙaƙen kashi a lungu, to ɓeraye sun yi mulki a bayanku. Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: hatsin da aka bari a buɗe shi ya gayyace su. A nan a yi hattara sosai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a garin Lassa na jihar Borno a shekarar 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera. Kada a share wurin a bushe ƙura ta tashi. A yayyafa ruwan bilic, a jira 'yan mintuna, a kwashe da safar hannu ko leda, sannan a wanke hannu da sabulu. Kwanukan da aka bari a fili su ma a sake wanke su.

Iska da rana, kafin komai

Idan an tabbatar warin danshi ne, aikin farko ba ya cin ko kwabo. A buɗe tagogi masu fuskantar juna domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A buɗe wadrob, durowa, akwatuna da kabad ɗin kicin. In akwai wuta, a kunna fanka a juya ta wajen taga. Mai jego da jariri, da tsofaffi, da mai asma su zauna a wani ɗaki ko a tsakar gida har a gama. Mai aikin kuma ya rufe hanci da baki da takunkumi.

Daga nan a fitar da duk abin da yake shan ruwa: katifa, filo, darduma, kafet, tabarma, labule, bargo. A shanya su a rana mai ƙarfi, a riƙa juyawa, a kakkaɓe su a waje, ba a cikin ɗaki ba. Iyayenmu da suke fito da kayan ɗaki duk ranar da gari ya washe a tsakiyar damina ba aikin banza suke yi ba. Tufafi a wanke su, kuma kada a ninke sai sun bushe ƙarau. Shadda da leshi da atamfar da ke ƙasan akwatin lefe su ma a warware su su sha iska a inuwa, don kada rana ta cinye launi. Takalma da jakunkunan fata, waɗanda su ne farkon yin furfura, a goge su da tsumma a waje. Littattafai a buɗe su a tsaye a wuri mai iska.

Sai a shiga farautar inda ruwan yake. A janye gado da kujeru daga jikin bango a leƙa baya. A ɗaga kafet da ledar tsakar ɗaki. A ɗaga kai a dubi silin: tabo mai ruwan ƙasa shaida ce kwano yana yoyo ko ƙusa ta saki. A ɗakin soro a duba rufi da indararo, ko ya toshe ruwa yana kwanciya a sama. Idan fenti yana kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango, tare da wani farin gari kamar gishiri, rima ce take hawowa daga ƙasa, kuma sau da yawa kwata ce ko ruwan sama ke taruwa a gindin ginin. A duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko bututu na ɗiga. Mai na'urar sanyaya ɗaki ya cire ragar tace ƙura ya wanke, in ba haka ba ita za ta riƙa feso warin duk lokacin da aka kunna.

Yadda ake wankewa ba tare da an jawo wata cutar ba

A kan tayil, siminti, gilas da roba, ruwa da omo da buroshi sun isa su cire funfuna. Wanda yake son ƙarawa da bilic, kofi ɗaya a cikin lita huɗu na ruwa ya wadatar, kuma tagogi a buɗe. Bayan wanki a tabbatar wurin ya bushe, domin gogewa a bar shi a jiƙe sabuwar gayyata ce.

Ga gargaɗin da ya kamata kowace uwargida da kowace 'yar aiki su riƙe: ba a haɗa bilic da wani sinadarin wanki. Idan ya haɗu da ruwan wanke masai mai asid, ko da binega, yana fitar da iskar kulorin mai ƙone ido da huhu. Idan ya haɗu da abin da ke da amoniya, shi ma guba ce ke tashi. Zaton cewa haɗa biyu zai fi ƙarfi ya sha kai mutane asibiti.

Kada kuma a shafa sabon fenti a kan baƙin tabo. Funfunar tana nan da ranta a ƙasa, ba da jimawa ba za ta ɓullo. A gyara yoyon, a kankare, a bar bango ya bushe, sannan a yi fenti. Katifar soso ko kafet ko silin da funfuna ta ratsa cikinsu ba sa wankuwa, haƙuri za a yi a fitar da su. Idan tabon ya kai faɗin mita ɗaya kowace kusurwa ko ya fi, aikin ya wuce na tsumma, a nemo magini ko mai gyaran famfo.

Hatsi ma a duba shi. Masara, gyaɗa ko dawar da ta yi funfuna tana iya ɗauke da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya. Ba a wanke irin wannan hatsi a kai inji, ba a kuma zuba wa kaji ko awaki.

Bayan an share an busar, ragowar warin da ya maƙale ana iya jan sa da gawayi. A zuba shi a kwano ko tsohuwar safa, ba tare da an kunna ba, a ajiye a wadrob, ƙarƙashin gado da cikin firji. Hodar bekin soda ma tana yi: a barbaɗa a kafet ko katifa, a bar ta ta kwana, a kakkaɓe. Yanzu ne turaren wuta ya samu gurbinsa, a ɗaki mai tsabta, taga a buɗe. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ko launi, wadda take kashe mutum yana barci.

A kula da kafur

Mutane da yawa suna zuba ƙwayoyin kafur a akwatin kaya don korar wari da kyankyaso. Yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwa sinadarin naftalin ne, kuma likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Akwai jarirai masu yawa a ƙasashenmu da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD. Irin wannan jariri, idan aka sa masa kayan da suka kwana da kafur ko ya shaƙi warinsa, jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Kayan jariri ba su da haɗi da kafur ko kaɗan. Yara masu rarrafe kuma suna iya ɗaukarsa a matsayin alewa.

Ita kanta funfunar ba ƙaramar matsala ba ce ga lafiya. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da funfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, toshewar hanci, shessheƙar numfashi da tashin asma. Idan yaro yana tari da atishawa a gida, amma yana samun sauƙi duk lokacin da ya kwana a wani wuri, a binciki ɗakin, a kuma kai shi asibiti.

Kafin tafiya ta gaba

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan yini ɗaya ya ishe shi. Kada a bar wanki ko tawul mai laima. A kwashe shara da ragowar abinci. A zazzage firji, a goge, a kashe, a bar ƙofarsa a ɗan buɗe. Hatsi a zuba shi a mazubi mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango. A janye gado da kujeru kamar tafin hannu daga bango, a jingine katifa a tsaye, a bar wadrob a buɗe. A rufe famfo daga tushe, a rufe tukunyar gas. A gyara yoyo tun kafin ruwa ya sauka. Tagar da ke da ƙarfe da raga, wadda feshin ruwa ba ya shiga, a bar mata 'yar kafa.

Abin da ya fi duk waɗannan kuwa shi ne maƙwabci ko ɗan'uwa amintacce. A bar masa makulli, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako ya buɗe tagogi na awa guda, ya zuba ruwa a magudanai, ya ɗaga kai ya dubi silin.

Don haka jama'a, duk ranar da kuka dawo daga tafiya ɗaki ya tarbe ku da wari, ku ajiye kasko tukuna. Ku buɗe taga, ku fitar da kaya rana, ku nemo inda ruwa ya kwana ku gyara. Lafiyar yaranku da tsofaffinku tana cikin iskar da suke shaƙa a ɗakin nan kowane dare. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu riƙa dawowa gidajenmu lami lafiya.