Rantsuwa da Ƙarfafa Zance a Nahawun Alƙur'ani: Abin da Hausa ta Ara

1. Gabatarwa

A kasuwar Dogon Kiriya, kamar ko'ina cikin Arewa, ba a rasa jin wallahi, billahi da tallahi. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa Hausa ta ari kalmomin nan uku ba tare da ƙa'idar da ke rarrabe su ba, kuma hakan yana shafar fassara.

2. Haruffan rantsuwa

Ajurumiya ta Ibn Ajurrum (ya rasu a 1323), wadda ɗaliban nahawu ke farawa da ita a zaure, ta lissafa haruffa uku: wa, bi, ta. Ba daidai suke ba. Bi na tafiya da aikatau na rantsuwa, kuma yana shiga kan wakilin suna. Wa ba ya shiga sai kan bayyanannen suna. Ta kuwa ya keɓanta da sunan Allah, kuma sau da yawa yana ɗauke da mamaki. Tallahi ta zo sau 9 a Alƙur'ani, 4 daga ciki a Suratu Yusuf.

3. Amsar rantsuwa

Rantsuwa ba ta tsayawa ita kaɗai. Tana buƙatar amsa, wadda ake ƙarfafawa da la, inna, ƙad ko nunin ƙarfafawa. A Suratus Shamsi, ayoyi 7 na farko rantsuwa ne, amsa sai a aya ta 9. Malaman balaga sun ce nauyin ƙarfafawa yana bin halin mai sauraro: wanda bai da labari, mai shakka, da mai musu. A Suratu Yasin, manzanni sun yi magana da inna kaɗai a aya ta 14. Da aka ƙaryata su, suka ƙara la a aya ta 16.

4. Ɓangaren Hausa

A Hausa, kalmomin uku sun daskare. Ba a jin harafi daban, suna daban, shi ya sa ake jera su don ƙarin nauyi:

(1) Wallahi tallahi ban ga akuyarka ba.

Haka kuma "da" ke fassara haruffan duka, ko da Allah aka rantse ko da kwarankwatsa:

(2) Na rantse da aradu.

Amma Hausa na da nata ma'auni. A kwatanta:

(3) Zan tafi.
(4) Lalle zan tafi.
(5) Wallahi sai na tafi.

A ganinmu, "sai" na (5) shi ke yin aikin la da nunin ƙarfafawa a haɗe.

5. Kammalawa

Mai fassarar da ya sa "lalle" a ayoyin Yasin guda biyu ya shafe bambancin da nassi ya yi tsakanin magana ta farko da martani ga mai musu. Muna ba da shawarar a bar "lalle" ga inna, a ƙara "kuwa" ko "haƙiƙa" inda la ya biyo.