Abin Da Makarantun Boko Za Su Koya Daga Walimar Sauka

Duk wanda ya taɓa halartar walimar saukar Alƙur'ani a ƙasar Hausa ya san ba a roƙon mutane su zo. Tun da hantsi layi ya cika. Gwaggo ta iso da kwanon waina, kawu ya biya kuɗin zayyanar allo, an yanka rago, yaro ya karanta Fatiha da farkon Baƙara a gaban malaminsa da danginsa. Amma a wannan unguwar dai, idan firamare ta kira taron iyaye ko bikin rabon kyaututtuka, sai ka tarar malamai sun fi iyaye yawa.

Na daɗe ina koyarwa a firamaren gwamnati, kuma na sha jin abokan aiki suna cewa iyaye ne ba su damu ba. Ni ban yarda ba. Uban da zai sayar da akuyarsa don walimar ɗansa ba za a ce bai san darajar karatu ba. A sauka kowa yana da aikin da ya rataya a wuyansa. A namu taron kuwa 'yan kallo muke nema, wani lokacin ma masu biyan kuɗi kawai.

Dubi yadda ake gayyatar iyaye. Takarda ce da Turanci, a ba yaro ya cusa a jaka, ta ƙare a hannun mai ƙosai. An sa taron ƙarfe goma na safe, ranar kasuwa, ko a tsakiyar damina lokacin da magidanta ke gona. Wanda ya daure ya zo zai zauna a baya cikin rana, manyan baƙi na inuwa suna jawabi da harshen da ba ya ji, daga ƙarshe a karanto sabon kuɗin da za a biya. Wa zai dawo baɗi?

Gyaran ba ya buƙatar kasafi daga Abuja. Kafin a tsayar da rana, hedimasta ya zauna da mai unguwa da liman da shugabar mata, su zaɓi lokacin da jama'a ke gida, kamar bayan la'asar ko bayan an kai amfanin gona rumbu. Liman ya sanar bayan sallar Juma'a, mai shela ya zaga, inda ake da WhatsApp a tura saƙon murya da Hausa.

Batun iyaye mata shi ne ya fi damuna. Uwa ce ta san ranar da yarinya ta tafi talla maimakon aji, ita ce ta san dalili, amma ita ce ba a gani a taro. Inda ake kulle, dole a nemi yardar maigida tun da wuri, ta bakin mutumin da yake jin kunya. A ware wa mata rumfarsu, malama ta tarbe su, a yi haƙuri da kukan goyo. Idan an yi haka suna zuwa, kuma suna magana.

Sai babban abu: a ba mutane aiki. A ranar wasannin motsa jiki, a haɗa da langa da kokawa, dattijon da ya yi tashe a zamaninsa ya zama alƙali. 'Yan mata su yi gaɗa, kaka ta ba da tatsuniya, maƙeri ya zo da zugazuginsa ya nuna wa 'yan aji shida yadda wuta ke tausasa ƙarfe. Tsohuwar ɗalibar da ta zama ma'aikaciyar jinya ta tsaya a gaban yara cikin kayan aikinta. A lokacin kyauta, a kira yaro tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, kuma kada a tsaya ga na ɗaya zuwa na uku. A karrama wanda bai taɓa fashi ba, da wadda ta fara zango ba ta iya haɗa baƙi ba ta ƙare tana karatu.

Tsarin da zai ɗauki wannan nauyi yana nan. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye kai 'ya'yansu makaranta, daga baya kuma aka umarci makarantun gwamnati su kafa kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, wanda ya ƙunshi malamai, ɗalibai, wakilin sarauta, malaman addini, mata, masu sana'a da tsofaffin ɗalibai. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida, ciki har da Kano, Kaduna da Jigawa. A wurare da dama sunayensu na nan a bangon ofis kawai. A damƙa musu shirya taron, kuma su karanta wa jama'a lissafin duk sisin da aka tara, abin da ya shigo da abin da aka kashe.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutumin da ya kafa rumfa da hannunsa a filin makaranta, shi ne zai lura rufin aji ya yaye, shi ne kuma zai tambayi dalilin da ya sa malamin lissafi bai zo ba. Irin wannan tambayar ce makarantunmu suka fi buƙata, kuma ba mai yin ta sai wanda ya ɗauki makarantar a matsayin tasa.