Keken Hawan Dutse, Jitar Lantarki, da Wahalar da Suke Sha a Hanya

Jitar farko da Mdou Moctar ya kaɗa ba a kanti aka sayo ta ba. Yana yaro a arewacin Nijar, gidansu ba sa son harkar kiɗa, sai ya samo katako ya haɗa da kansa, ya zare wayoyin birkin keke ya ɗaura a matsayin tsirkiya. Yaron nan shi ne ya sauko Sakkwato a 2008 ya naɗi faifansa na farko, waƙoƙin suka riƙa yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel, har ya kai yau yana cika dandali a Turai da Amurka da Fender Stratocaster ta bahagwai a wuyansa.

Shi ma keken hawan dutse a hannun 'yan ƙire-ƙire ya fito. A shekarun 1970 wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn masu ƙatuwar taya, suna gangarowa da su daga kan duwatsu. A 1976 suka fara wata tsere da ake kira Repack, gangara ce ta kimanin kilomita 3, kuma kafin mutum ya iso ƙasa giris ɗin birkin baya ya ƙone yana hayaƙi, sai an kwance an zuba sabo. Joe Breeze ya ƙera firam na musamman domin wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa a 1981, a 1996 kuma aka shigar da wasan cikin gasar Olamfik a Atlanta. Duka kayan biyu mutanen da suka iya kwancewa da ɗaurawa ne suka raine su. Leo Fender ma, wanda ya fito da Stratocaster a 1954, mai gyaran rediyo ne, bai iya kaɗa jita ba. Saboda haka idan matashi ya tambaye ni wanne zai saya, nakan fara tambayarsa wa zai gyara masa idan ya lalace, kuma a wane gari. Sunan kamfani yana zuwa daga baya.

Mu fara da keke, don a nan aka fi cutar mutane. Kasuwanninmu cike suke da wasu kekuna masu ƙyalli, da ƙaton sifirin a tsakiya da wani a gaba, an manna musu rubuce-rubuce kala-kala. Yaro ya gani ya ce shi ke nan ya samu. Ɗaga shi ka ji, nauyi kamar buhun siminti. Sifirin ɗin ba ya shanye gargada, tsalle kawai yake yi, yana cinye ƙarfin da kake zubawa a feda, bayan 'yan watanni kuma gaɓoɓin su fara lilo, ba mai iya ɗaure su. Da kuɗin da za ka saye shi, gara ka nemi ɗan gwanjo na kirki mai shokozoba a gaba kaɗai, ko ma wanda ba shi da ita sam. Tsohon Trek ko Giant ko Specialized da ya sha hanya a Turai yakan fi sabon bogi daɗewa nesa ba kusa ba. Ka duba wajen walda ko akwai tsaga, musamman ƙarƙashin wuya da gindin sirdi. Firam ɗin ƙarfe idan ya tsage mai walda na bakin titi zai iya ceto shi. Na alminiyam sai ƙwararre. Na kabon kuwa, idan ya fashe a ƙauye, sai dai ka ɗauko shi a ka.

Girman ƙafa ma abin dubawa ne. Akwai inci 26, da 27.5, da 29. Masu tsere a ƙasashen waje sun koma 29 don ta fi haye duwatsu da ramuka cikin sauƙi, kuma gaskiyarsu. Amma je ka wajen mai faci a Funtuwa ko Maraɗi ka ce a ba ka taya 29, ka ga irin kallon da zai yi maka. Inci 26 ita ce a ko'ina. Haka bawul: akwai siririn nan na kekunan tsere, akwai mai kauri irin na mota da babur. Mai siririn bawul ya sa ɗan abin haɗi a aljihu, in ba haka ba famfon mai faci ba zai kama ba. Kuma kada ka bar shi ya ɗura iska har tayar ta yi tauri kamar yadda yake yi wa keken ɗaukar itace. Faffaɗar taya tana son ta ɗan lotsa idan ka danna da babban yatsa, don ta kama ƙasa. Mai matsakaicin nauyi, tsakanin awo 25 zuwa 35 a ma'aunin mai faci ya ishe shi a turɓaya da tsakuwa.

Babban abokin gabar mai keke a ƙasarmu ƙaya ce, ba dutse ba. Tsidau yana kwance a gefen hanya da kaifinsa sama, ga ta aduwa da ta bagaruwa. Wanda ke da hali ya koma tayar da ba ta da cub, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai danƙo a ciki. Ƙaya ta huda, ruwan ya toshe ramin tun kana tafiya. Sai dai zafinmu yana busar da ruwan da wuri, dole a riƙa ƙarawa bayan 'yan watanni, kuma duk da haka kada ka fita ba cub na ko-ta-kwana a jaka.

Sai maganar mai. Al'adarmu ce a tsiyaya wa sarƙa baƙin mai har ya riƙa ɗiga. A ƙura, wannan ɓarna ce: man yana kama yashi, yashin yana cin sarƙa da haƙoran giya a hankali. A ɗiga mai mara kauri kaɗan a kan kowace gaɓa, a juya feda, sannan a goge da tsumma har sarƙar ta yi kamar ba a sa mata komai ba, don man da ke aiki yana ciki ne. Birki mai aiki da ruwa kuwa yana da nasa tarkon. Na kamfanin Shimano da wani mai na daban yake aiki, ba da ruwan birkin mota ba. Bakanike ya zuba masa na mota da kyakkyawar niyya, robobin ciki su kumbura, birki ya mutu. Ga mai doguwar tafiya a karkara, birkin waya ya fi kwanciyar hankali, tunda wayarsa ana samu a kowace kasuwar ƙauye. Hular kwano kuwa, ba sai na tsaya bayani ba. Gangaren duwatsun Shere a Jos ko tudun Mambila ba wajen nuna jarumta ba ne.

Jitar lantarki ta fi keke haƙuri da bugu, amma ta fi shi jin yanayi. Jikinta gungumen katako ne, ba kamar mai rami ba da kan tsage. Rauninta a wuya yake. Masu ƙera ta suna son damshin iska ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuma a hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a Kano da Agadas. Katakon wuya ya bushe ya tsuke, ƙananan ƙarafan da aka jera a kansa su ba sa tsukewa, sai bakinsu ya leƙo yana yankar yatsa. Wuyan kuma ya ɗan lanƙwashe, tsirkiya ta fara zuzzuru ko ta yi sama ta yi wuyar dannawa. Damina ta zo, abin ya juya. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko sassautawa don gyara wannan, amma kwata-kwatan juyi ake yi, a dakata a duba. Masu gaggawa sun karya da yawa. Maganin da ya fi sauƙi shi ne jita ta kwana a gidanta, a rufe, nesa da taga. A lokacin hunturu a sa ɗan soso mai laima a cikin robar sabulu da aka huhhuda, a ajiye a cikin gidan, yadda ruwa ba zai taɓa katako ba. Kuma kada a bar ta a motar da aka ajiye a rana, inda zafin ciki kan haura digiri 60.

Mai koyo ba ya bukatar Fender ta Amurka ko Gibson. Squier da Yamaha Pacifica da Epiphone suna yin aikin, kuma sun fi waɗancan na jabu da ake buga musu babban suna a ka. In za ka saya, ka sa ta a amfilifaya a gaban mai ita, ka danna kowane gurbi daga sama har ƙasa, ka murɗa kowane maɓalli. Ƙaraf-ƙaraf a maɓalli yawanci ƙura ce, ana wankewa. Karkataccen wuya kuwa, wanda ya murɗe gefe, ka ajiye masa abinsa ko da ya rage rabin kuɗi. Tsirkiya tana tsatsa da gumi, a goge ta bayan kowane kiɗa, kuma duk wanda zai je babban birni a ba shi saƙon ƙulli biyu ko uku, don siririyar cikinsu ba ta sallama kafin ta tsinke.

Inda nake so a buɗe kunne shi ne wuta. Amfilifayar da aka yi domin Amurka a kan wuta 120 take, tamu kuma 220 zuwa 240 ce a Nijeriya da Nijar. Ɗan'uwa ya aiko maka da ita, murna ta sa ka sauya mata kan soket ka jona, sai ƙauri. A karanta abin da aka rubuta a bayanta tukuna, in ta 120 ce a nemo taransifoma mai rage wuta. Wannan asarar kuɗi ce kawai. Mai haɗarin shi ne rashin wayar ƙasa, wadda yawancin gidajenmu da janaretocin biki ba su da ita. Tsirkiyar jitar lantarki a haɗe take da jikin amfilifaya, don haka idan wuta ta zubo a can, tana hannunka. Ka kai baki ga makirufo, ka zama hanyar wucewarta. Haka ta kashe Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows a kan dandali a Swansea a 1972, Keith Relf na Yardbirds kuma a gidansa a 1976. Idan ka ji tsirkiya tana ɗan cizonka, kashe komai, kada ka ce ai ka saba. Kada ka yi kiɗa ba takalmi a jiƙaƙƙen siminti. Ƙaramar amfilifaya mai batir, irin wadda ake ɗauka a hannu ɗaya, ta raba ka da duk wannan, kuma ta isa zaman tsakar gida.

A tafiya ne kayan nan suka fi gamuwa da ajalinsu, kuma ba safai a jirgi ba, a tasha. Yaran mota za su jefa keke a saman kaya su ja igiya da ƙarfinsu. Abin da ke fara lanƙwashewa shi ne ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya; ka sauka ka ga giya ta ƙi shiga, ko ta faɗa cikin waya ta karye. Kusa ɗaya ce ke riƙe da ita. Kwance ta, naɗe a tsumma, ɗaure a jikin firam. Cire feda, ka tuna ta hagu a juye take kwancewa, wanda bai sani ba sai ya yi ta ɗaurewa yana zaton ta cije. In ka cire ƙafar gaba kuma birkinka na ruwa ne, cusa ɗan kwali tsakanin takalman birkin, don wani zai matsa hannun birki ya haɗe su. Kuɗin kaya a yi cinikinsa kafin a ɗora, kuma ka tsaya a kai har a gama ɗauri. Jita kuwa ba ta shiga but tare da buhun doya. A cinyarka za ta zauna, ko ka biya mata kujera.

A jirgin sama, Amurka tana da ƙa'ida tun 2015 da ta tilasta wa kamfanonin jiragenta barin ƙaramin kayan kiɗa ya shiga ciki idan akwai wuri a lokacin da mai shi ya hau, shi ya sa makaɗa ke rububin shiga da wuri. A sauran wurare kowane kamfani da nasa tsarin, a tambaya kafin a yanki tikiti. Masu jita irin ta Fender suna da wata mafita: kusoshi huɗu ne ke riƙe da wuyanta, a sassauta tsirkiya a kwance, jiki da wuya su shige akwatin tufafi tsakanin riguna. Gibson ba ta yarda da haka, nata wuyan a manne yake da gam, kuma kanta na saurin karyewa idan gidan ya faɗi da baya. Keke yakan shiga kwalin da ake kawo sababbi a ciki, shagunan keke na bayarwa ko su sayar da arha, a dai lura da nauyi, don kilo 23 ne iyakar jaka a yawancin tikitin talaka. Mai keken lantarki ya sani batirinsa ba zai hau jirgin fasinja ba: iyakar da ake yarda da ita awon batir 100 ne, ko 160 da izini, na keke kuma yakan kai 400 zuwa sama.

Wanda zai tsallaka iyaka ta ƙasa, ta Jibiya ko Illela ko Maigatari, ya riƙe rasit ɗin kayansa, ya kuma ɗauki hoton lambar da aka buga a jiki: ta keke tana ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ta jita galibi a kai ko a farantin da ke bayan wuya. Jami'in kwastan da ya ga keke mai tsabta yakan ɗauka na sayarwa ne. Halin tsaron hanya kuma a tambayi direbobin da suka biyo ta a ranar, ba wanda ya bi ta bara ba, a fita da asuba, a sauka kafin la'asar.