Gargaɗi Ga Waɗanda Aka Yi Wa Tiyatar Rage Ƙiba: Idan Nauyi Ya Tsaya, Kada Ku Azabtar Da Cikinku

Wannan kira ne na gaggawa ga duk wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, a nan gida ko a Masar, Indiya ko Turkiyya, da kuma iyalan da ke jinyarsa. Akwai ranar da za ku hau sikeli ku ga nauyi bai motsa ba. Mako ɗaya, mako biyu, wani sa'in har wata guda, yana nan inda yake. Wannan tsayawar ba ta kisa. Abin da mutane ke yi wa kansu saboda firgici shi ne ke kai su gadon asibiti, wasu ma ya bar su da nakasar da ba ta warkewa.

Ku sani, kusan kowa sai ya gamu da wannan tsayawar. Da yawa suna ganin ta farko wajen mako na 3 bayan aiki, domin kaso mai yawa na abin da ya zube a kwanakin farko ruwa ne, jiki kuma yana mayar da ruwansa. Nauyi ya fi saurin sauka a watanni 6 na farko, sannan ya lafa, har ya daidaita tsakanin wata 12 zuwa 18. Jikin da ya sauke kilo 30 ba ya ƙona abinci kamar da, don haka dole saurin ya ragu. Ba sammu ba ne, ba baki ba ne, kuma mako biyu na tsayawa ba ya nufin aikin ya lalace.

Haɗari na farko shi ne horar da kai da yunwa. Mutum ya kashe miliyoyi, ya ga sikeli ya ƙi sauka, sai ya daina cin ɗan abin da aka ce ya ci. Wata ta koma shayin rage tumbi da ake tallarsa a Instagram da WhatsApp, wata ta jiƙa filasko, wani ya sayi ƙwayar sa fitsari a kemis. Duk waɗannan ruwa da gishirin jiki suke kwashewa, ba kitse ba, kuma wanda aka yanke wa kusan kashi 80 cikin 100 na tumbinsa ba zai iya kwankwaɗar ruwa ya mayar da abin da ya rasa ba. Ƙoda ce ke fara jin jiki, sai bugun zuciya ya rikice. An sha samun sibutiramin a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da ake cewa na gargajiya ne, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Haka allurar Ozempic da wasu ke yi don rage ƙiba: a Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. Kada ku yi wa kanku ita ba tare da likita ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne amai. Akwai masu ɗaukarsa a matsayin taimako, suna cewa ai gara ma, abincin bai zauna ba. Wallahi wannan wasa da rai ne. Ajiyar bitamin B1 a jikin ɗan Adam ba ta wuce ta mako 2 zuwa 3. Idan amai ya daɗe, ga ƙarancin ci, sai ta ƙare, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi su fara lalacewa. Alamunsa su ne ruɗewa da mantuwa, gani bibbiyu ko rawar ido, tangaɗi wajen tafiya, da sanyin ƙafafu ko jin kamar ana tsira allura. Duk wanda aka ga haka a tare da shi, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce iska ce a tsaya jiran gobe. Da isarku ku gaya wa likita cewa an yi masa tiyatar tumbi kuma ya daɗe yana amai, domin ƙarin ruwa mai sukari kafin a ba shi B1 yana iya tsananta cutar. Idan aka yi sauri ana samun sauƙi, idan aka makara mantuwar kan zauna har abada.

A garzaya kuma idan zuciya na bugawa sama da sau 120 a minti, ko ga zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani, ko baƙin bahaya, ko ruwa ma ya ƙi zama.

Haɗari na biyu a hankali yake shigowa, shi ya sa ba a ankara. Tumbi ya ƙanƙance, nama da wake suna tokarewa, sai mutum ya gano abubuwan da ke wucewa salin-alin: shayi mai kauri da madara da sukari, fura da nono, kunun aya, zoɓo mai zaƙi, lemon kwalba, biskit, cincin, alkaki. Ba ya cika faranti, amma bakinsa ba ya hutawa daga safe har dare. Ya rantse ba ya cin komai, kuma da gaske yake, don bai taɓa lissafa abin da yake kurɓa ba. Tiyata ta rage abin da ciki ke ɗauka a zama ɗaya, amma ba ta hana tsakure sau ashirin a yini. A nan ne tsayawar da ba ta da laifi ke rikiɗewa ta zama dawowar ƙiba. Wanda aka yi wa irin tiyatar da ake karkatar da hanji kuwa, zaƙi kan jefa shi cikin jiri, gumi, bugun zuciya da gudawa minti 10 zuwa 30 bayan ci, ko sukarin jininsa ya faɗi bayan awa 1 zuwa 3. Ku yi tunanin hakan ta same shi yana tuƙi.

Abin yi ba mai wuya ba ne, sai dai yana son haƙuri. Ku fara kowane ci da abin gina jiki, aƙalla giram 60 a yini: kifi, kaza, ƙwai, alale, awara, kindirmo marar sukari. Ƙwai ɗaya giram 6 ne kacal, don haka sai an tashi tsaye kafin a cike. Tuwo da shinkafa su zo ƙarshe, in akwai wuri. A tauna sosai, a ɗauki minti 20 zuwa 30. Ruwa lita ɗaya da rabi ko fiye, kurɓi-kurɓi, amma a bar tazarar rabin awa tsakaninsa da abinci. Sikeli sau ɗaya a mako ya isa. Ku ɗauko tef ɗin tela ku auna ƙugu, sau da yawa yana raguwa ko da nauyi ya tsaya. Ku yi tafiya kullum, kuma ku rubuta duk abin da ya shiga bakinku na mako guda ku kai wa masanin abinci.

Bitamin da aka rubuta muku, da sinadarin ƙarfe, kalsiyam da B12, na tsawon rai ne, ba na wata uku ba. Ibuprofen, diclofenac da dangoginsu na ciwon jiki, haka taba da shisha, suna haifar da gyambo a wurin ɗinki. Mata su jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Batun azumi kuma, musamman a shekarar farko, a tambayi likita tukuna. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame.

Ku kuma iyaye, maza, matan gida da ƙawaye, ku ji tsoron Allah a kan waɗannan bayin nasa. Ku daina "haba, ko loma ɗaya ce" a wurin biki, ku daina "har yanzu ba ki rame ba, ina kuɗin suka tafi?" Maganar farko ce ke tura su ga tsakure, ta biyu ga yunwa da shayin banza.

Wanda aka yi wa aiki a waje ya dawo ba mai bibiyarsa, shi ya fi kowa zama cikin haɗari. Ku ɗauki takardar bayanin tiyatarku ku je asibitin koyarwa mafi kusa, Kano ne, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, ku ga likitan fiɗa da masanin abinci, a auna jininku. Kada ku jira sai ƙafa ta ƙi ɗaukarku; ku je cikin wannan makon.