Hoton Tsohon Ɗan Kokowa, da Sa Hannunsa a Baya

[Kiɗan kokowa, a sassauta shi a hankali]

Shirin namu na yau daga nesa zai taso, daga ƙasar Kanada, amma a fagen kokowa zai sauka.

A Kanada babu wasan da ya shiga jinin mutane kamar hoki na kan ƙanƙara. Mutum shida ne a kowane ɓangare har da mai tsaron raga, suna sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda. Babbar ƙungiyar gasarsu, NHL, an kafa ta a birnin Montreal a 1917. Tun kafin nan, wajen 1910, wani kamfanin taba ya fara cusa ƙananan katuna masu hoton ƴan wasa a cikin kwalin sigari. Daga baya masu cingam suka karɓi abin, irin su O-Pee-Chee da Topps. Katin bai fi girman katin zaɓe da yawa ba. A gaba hoton ɗan wasa ne, a baya kuma sunansa, garin haihuwarsa, shekarar da aka haife shi, ƙungiyarsa, wasa nawa ya buga, sau nawa ya ci raga.

Cikin masu tara waɗannan katuna akwai waɗanda ba ruwansu da taurarin yau. Tsofaffin da suka ajiye sanda suke bi. Mutum zai sa kati a ambulan, ya haɗa da ƴar wasiƙar girmamawa da wani ambulan mai kan sarki, ya aika wa dattijon da ya bar wasa shekara talatin da suka wuce. Wani ya sa hannu ya maido cikin sati biyu, wani sai bayan shekara, wani shiru. Dalilinsu na bin tsofaffi a fili yake. Wanda ya yi ritaya lissafinsa ya cika, ba a ƙara masa ba a rage masa. Sannan ranar da Allah Ya ɗauke shi, sa hannunsa ya ƙare ke nan. Gordie Howe, wanda ya buga gasar NHL har yana da shekara 52, ya rasu a 2016. Katunan da ya riga ya sa wa hannu su ne iyaka.

Kuɗi ma sun shigo, kuma da ƙarfi. Katin farko na ɗan wasan hoki Wayne Gretzky, wanda O-Pee-Chee ya buga a 1979, an sayar da ɗaya a 2021 a kan dalar Amurka miliyan 3.75, wato wajen biliyan 2 na sefa. Ko sa hannu babu a kansa, tsabtarsa ce kawai ta kai shi can: bai lanƙwashe ba, bai koɗe ba. Inda kuɗi suka taru kuwa, ƴan damfara ba sa nisa. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta bankaɗo wani gungu a Amurka da ke kwaikwayon sa hannun shahararrun ƴan wasa suna sayarwa. Shi ya sa yau akwai kamfanonin da aikinsu kawai su duba kati, su tabbatar da sa hannu, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba.

Ni dai wannan ɓangare na ciniki bai burge ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayan katin nan: suna, gari, shekara, aiki, da sa hannun mutumin tun yana raye.

[Kiɗa kaɗan]

To mu dawo gida. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da kokowa, kuma ƙaunar da muke mata ba ta gaza ta mutanen Kanada ga wasansu ba. An fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma ɗan jihar Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, Yakuba Ango Kantu. Yau fagen kokowa na birnin Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Doso yake ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma Langa-Langa. Kowace jiha cikin takwas tana tura ƴan kokowa 10, su 80 ke nan a fage. Waɗanda suka ci takobi ba a manta da su ba. Ka ambaci Kadade na Tawa ko Labo Maikafo a bakin kasuwa, za ka samu wanda zai ajiye abin da yake yi ya ba ka labari. Yaran yanzu kuwa Issaka Issaka na Doso suka sani, mai takobi 6.

Amma takobi ɗaya ne a kowace gasa. Ina sauran 79 ɗin? Ina kuma ɗaruruwan da ba su taɓa kai wa gasar ƙasa ba? Kafin mutum ya shiga goman Maraɗi, sai ya bi ta kokowar kaka a ƙauye, bayan an ɗaure hatsi, sai ya bi ta zaɓen gunduma a Tasawa ko a Mayahi, sai ya bi ta na jiha. A kowane mataki akwai gwarzon da ya gagari yankinsa shekara da shekaru, wanda makaɗa suka yi wa kiɗi, ƴan mata suka yi wa guɗa, aka liƙa masa kuɗi a goshi. Yau yana nan. Wataƙila shi ne dattijon nan mai ɗingishi da ke sayar da dabbobi a kasuwa, ko mai kula da masallacin unguwarku. Jikokinsa sun san ya yi kokowa, amma ba su san wa ya kayar ba, a wane gari, a wace shekara.

Hotuna kuwa akwai su. Ku shiga shagon mai aski ko na tela, ku duba bango. Ku buɗe tsohuwar adakar gida. Za ku ga hoton saurayi da bante, damatsa cike da layu, ya tsaya gaban labulen mai hoto. Za ku ga tsohuwar kalanda da aka ƙi cirewa saboda fuskar da ke jikinta. Ku juya bayan hoton, fari fat. Muddin mai shi yana raye ba matsala, shi zai gaya maka. Ranar da ya tafi, sai a ce wani ɗan kokowa ne na da. Ga gara, ga ɗanshin damina, ga yara masu wasa da duk abin da suka samu. Yanzu ma da komai ya koma waya, abin bai fi sauƙi ba: hoto yana yawo a WhatsApp ba suna, wayar ta lalace ko a sace ta, shi ke nan.

Wani zai ce ai mu tarihinmu a baki yake, makaɗa da maroƙa suna riƙe da shi. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu suka riƙe ba. Amma makaɗi yabo yake yi, ba lissafi ba. Zai gaya maka gwaninsa bai taɓa faɗuwa ba, alhali duk garin sun ga ranar da aka kai shi ƙasa. Kuma makaɗin ma mai tafiya ne. Gidan rediyon Muryar Sahel da Télé Sahel sun ɗauki gasannin ƙasa, a Yamai kuma akwai cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO masu adana tarihin baka, da gidan tarihi na Boubou Hama. Sai dai kokowar da aka yi a dandalin wani ƙauye na Korgom, da hasken wata da fitilar ƙwai, babu wanda zai rubuta ta in ba ƴan garin ba.

Aikin ba mai tsada ba ne. Saurayi ko ɗan makaranta ya je ya gaida dattijon, da ɗan goro a hannu. Ya ce, Baba, na zo ne ka gaya mini zamaninka. A fito da hoton in akwai, in babu a ɗauki sabo. A rubuta a baya: cikakken suna da laƙabin fage, sunan gari, shekarun da ya yi yana kokowa, manyan kayen da ya yi, da waɗanda aka yi masa, don waɗannan ma tarihi ne. In bai tuna shekarar boko ba, a rubuta yadda ya faɗa, ko shekarar fari ce, ko zamanin wane sarki. Ana iya gano ta daga baya. Sannan ya sa hannu. In bai yi boko ba, da yawansu sun yi allo, ya rubuta sunansa da ajami. In ba haka ba ya dangwala yatsa. Muna ma da abin da ya fi na mutanen Kanada: a kunna waya ya yi kirarinsa da muryarsa, yadda yake yi in ya shigo fage.

Akwai wurin da ya kamata a yi hattara. Wasu daga cikin dattawan nan sun je Makka sun dawo, sun zama limamai ko masu faɗa a ji, ba sa son a riƙa yawo da hotonsu ba riga, da layu a jiki. In ya ce a'a, a'a ce. Kada a roƙi layarsa ko ɗamararsa, wannan sirrinsa ne. Kada kuma a karɓe masa hoto ɗaya tilo da yake da shi da sunan za a maido. A kai wa mai hoto ya sake wankewa, a bar masa nasa. In kuwa wata rana wani ya buga kalanda ko kati da fuskarsa ya sayar, to a ba shi rabonsa, ko a ba iyalinsa. Da yawa cikinsu da ciwon gwiwa da na baya suka fita daga fage, ba da dukiya ba.

Ga ƙungiyoyin kokowa na Tasawa da Mayahi, ga magadan gari, ga malaman makaranta: kaka mai zuwa, ranar zaɓen gunduma, a gayyato tsofaffin, a shimfiɗa musu tabarma a gaban fage, a sa mai hoto ɗaya da marubuci ɗaya su bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a buga gangar farko. Kwafi ɗaya ya zauna a ofishin magajin gari, ɗaya a makaranta, ɗaya a gidan dattijon.

Masu saurare, nan za mu dakata. A gaida mana dattawan fage. Sai Allah Ya sake sada mu.

[Kiɗan kokowa]