Ɗan Leƙen Asiri Na Haya A Shari'ar Riƙon Yara

A garin Concord da ke jihar Kalifoniya ta Amurka an yi wani mutum, Christopher Butler, tsohon ɗan sanda da ya tuɓe kaki ya buɗe ofishin binciken sirri. Cikin masu sallama a ƙofarsa har da matan da ke shari'ar rabuwar aure da riƙon yara. Ga dabararsa: sai ya tura wata kyakkyawa ta haɗu da mijin a mashaya, ta yi ta sakar masa fuska ana ɗirka masa giya. In ya yi tatul, ta ce su canja wuri, ya biyo ta a motarsa. Kafin ya tayar da motar, Butler ya riga ya tsegunta wa wani ɗan sanda da suka haɗa baki. Nan take a cafke shi da laifin tuƙi cikin maye, takardar kamun kuma ta zama hujja a gaban alƙali cewa wannan uba bai cancanci a bar masa 'ya'ya ba. Asiri ya tonu a 2011. A 2012 kotun tarayya ta ɗaure Butler shekara 8 a kan wannan da wasu laifuffukan da suka haɗa da fataucin ƙwaya.

Ba duka aka taru aka zama Butler ba. Sana'ar tsohuwa ce, tun wajen 1850 Allan Pinkerton ya kafa kamfaninsa a Chicago, kuma halal ce a dokar Amurka da Ingila. Kana biya bisa awa, galibi da kafin alƙalami. Shi kuma mai binciken ya zauna cikin mota a bakin layi da kyamara, yana rubuta wa ya shiga, wa ya fita, da ƙarfe nawa. Yana duba kundin kotuna ko sabon saurayin uwa ko sabuwar budurwar uba an taɓa ɗaure su. Yana leƙa abin da mutum ya baza da hannunsa a Facebook. In an je kotu ya rantse ya faɗi abin da idonsa ya gani. Iyakar aikin ke nan, in za a yi shi bisa ƙa'ida.

Inda mutane ke zubar da kuɗinsu shi ne rashin sanin abin da alƙali yake nema. Wanda aka rabu da shi cikin ɓacin rai so yake duniya ta san tsohuwar matarsa ba ta da kirki, ko tsohon mijinta mazinaci ne. Kotu kuwa ba wannan ta zauna ji ba. A Ingila da Wales, dokar yara ta 1989 ta ce maslahar yaro ita ce gaba da komai, ta kuma jero abin da alƙali zai auna: me yaron yake so gwargwadon shekarunsa da fahimtarsa, buƙatunsa na jiki da na karatu da na kwanciyar hankali, cutar da ta same shi ko ake jin za ta same shi, da iyawar kowane ɗaya daga iyayen. Jihohin Amurka ma a kan wannan ma'auni suke. Don haka hoton uwa tana cin abinci da wani namiji a daren da yaran ke gidan ubansu, ko sisi bai ƙara wa shari'a ba. Amma hoton uba ya ɗauko yara daga makaranta yana tangaɗi, ko shaidar cewa an kulle ɗan shekara 4 shi kaɗai a gida daga magariba zuwa tsakar dare, ko an kai yaro wurin mutumin da kotu ta hana ya kusance shi, wannan alƙali zai gyara zama ya saurara.

Ko a nan ɗin, mai bincike bakin titi yake gani. Bai san me ake dafa wa yaro ba, bai san wa ke tashi da shi in zazzaɓi ya kama shi cikin dare ba. Shi ya sa kotunan Ingila suka fi jingina da rahoton Cafcass, hukumar da aka kafa a 2001, wadda jami'anta ke zama da iyaye da yaran su rubuta wa alƙali abin da suka fahimta. Ga kuma wani abu da lauyoyin can ke yawan jan kunnen masu ƙara a kai: alƙali na duba wanne cikin iyayen ne zai bar yaro ya ci gaba da hulɗa da ɗayan. Wanda ya shafe wata uku yana biyan a bi sawun uwar 'ya'yansa, ya dawo da hotunan da ba komai a ciki, ya nuna wa kotu halinsa ne, ba nata ba. Garin neman gira ya rasa ido.

Sai maganar doka, inda ƙafa ta fi zamewa. Sauraren wayar wani ba da izini ba laifi ne a dokar tarayyar Amurka tun 1968, aka faɗaɗa ta a 1986 ta haɗa da saƙonnin kwamfuta. Naɗar magana kuwa kowace jiha da tata: a New York ya isa mutum ɗaya cikin masu maganar ya yarda, a Kalifoniya sai kowa ya yarda. Maƙala wa motar wani na'urar bin sawu, ko shiga imel ɗinsa da kalmar sirrin da ka sani tun zamanin ana tare, duk suna iya kai mutum gaban alƙalin laifi. Wanda ya biya kuɗin ma bai tsira ba. Anthony Pellicano, mai binciken da manyan Hollywood ke ji da shi, ya naɗi wayar Lisa Bonder a 2002, lokacin da take shari'ar kuɗin ciyar da 'yarta da attajiri Kirk Kerkorian. A 2008 aka yanke wa Pellicano shekara 15 kan tarin laifuffuka irin wannan, lauyan da ya ɗauke shi aikin, Terry Christensen, aka ba shi shekara 3. Babban lauya ke nan, ina ga wanda bai san dokar ba.

Abin mamaki, a Ingila ba a buƙatar lasisi kafin mutum ya kira kansa mai binciken sirri. Wata doka ta 2001 ta yi tanadin lasisin, amma ba a fara aiki da wannan sashe ba. Yawancin jihohin Amurka kuwa suna neman lasisi, Kalifoniya ma sai mutum ya nuna ya yi awa 6,000 yana aikin bincike. To, Butler ma a Kalifoniya yake. Lasisi rage haɗari yake yi, ba ya wanke zuciya. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke zaune a waɗannan ƙasashe, in har akwai fargaba ta gaske game da lafiyar yaro, lauya ake fara gani, shi zai ce ko akwai buƙatar mai bincike, ya kuma shata masa iyaka a rubuce. In haɗarin na yanzu-yanzu ne, 'yan sanda da hukumar kula da yara ake kira, ba a jira wani ya gama ɗaukar hoto.

A nan gida Najeriya sana'ar ba ta kafu ba, a 2024 ma Majalisar Dattawa ta yi watsi da wani ƙudurin ba masu ita lasisi. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da hirar waya, aya ta 12 a suratul Hujurati kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. A fiƙihun Malikiyya da kotunan Musulunci ke bi, riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma a wuyan uba. In uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo kan koma wurin kaka ta wajen uwa kafin a zo kan uba. Mai cewa uwa ba ta da amana ko gidanta ba tsaro, shi zai kawo shaidu adalai, jita-jita ba ta isa.

Sai dai rashin ɗan leƙen asiri na haya bai sa mun bar leƙen ba, kyauta muke samunsa. Akwai maƙwabciya mai kai rahoto, akwai ɗan acaɓan bakin layi da ake ba na goro. Wanda ya fi damuna shi ne yaron kansa. Ya dawo hutu daga wurin uwarsa, bai ko ajiye jakarsa ba an zaunar da shi: wa yake zuwa gidan, ƙarfe nawa take dawowa, wa ya saya mata wannan wayar? In ya koma can, a yi masa irin tambayoyin game da amaryar babansa. Ɗan shekara 7 kan gane da wuri cewa duk abin da ya faɗa zai zama faɗa, sai ya koyi cewa "ban sani ba", ko ya faɗa wa kowane gida abin da yake son ji.