Darasin da ke hana 'yarki barci a makarantar jinya

Uwargida, idan 'yarki ta shiga makarantar koyon aikin jinya ko ungozoma, akwai darasin da za ki ji tana kuka da shi tun da wuri: maikirobayoloji, wato ilimin ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ga sunayen Latin masu karya harshe, ga zane-zane, ga aikin ɗakin gwaji. Sai dai duk wahalarsa, da shi za ta kare ran majinyaci gobe.

Da farko ana raba halittun gida-gida: bakteriya, bairos, fungas, da irin ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro. Daga nan a koya mata shafa samfuri a ɗan gilashi, ta rina shi, ta duba a madubin likita. Wannan rini wani likita ɗan Denmark, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro shi a 1884. Wasu bakteriya kan fito shunayya, wasu ruwan hoda, kuma launin na taimaka wa likita wajen zaɓen magani. Ana kuma renon ƙwayoyin a zafin digiri 37, daidai da na jikin mutum, har su yi yawa a gane su. Shi ya sa idan kin kai fitsarin yaro gwaji a kan ce ki dawo bayan kwana biyu.

Ɓangaren da ya fi shafar mu mata shi ne tsafta. A 1847, a wani asibiti a birnin Vienna, likita Ignaz Semmelweis ya lura masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa bayan sun taɓa gawa. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen suka ragu ƙwarai. Yau ɗaliba za ta koyi cewa almakashin yanke cibi sai an turara shi a na'ura mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, domin tafasasshen ruwa ba ya kashe wasu ƙwayoyin, irin masu kawo tetanus.

Ilimin zai biyo ta har gida. Idan ta hana ki sayo wa ƙaninta maganin kashe bakteriya saboda mura, ba rainin wayo ba ne: bairos ke kawo mura, maganin ba ya taɓa shi, kuma shan sa barkatai na sa bakteriya su daina jin magani.

To, ta yaya za ki taimaka mata? Ki rage mata aikin gida lokacin jarrabawa. Ki tabbatar ba ta tsallake ranar ɗakin gwaji. Da daddare kuma ki ce ta bayyana miki darasin ranar da Hausa. Idan kin gane, ta iya. Idan ta kakare, ta san shafin da za ta koma.